Keken Haya na Jama'a: Me Ke Sa Mutumin Birni Ya Hau, Me Ke Hana Shi?

 

 Na gode da gayyata, na kuma gode da kuka baro ayyukanku kuka zo sauraron magana a kan keke, abin da mutane da yawa ke ganin bai kai a tara jama'a dominsa ba.

An nemi in yi bayani a kan wani tsarin sufuri da ya bazu a manyan biranen duniya cikin shekaru ashirin da suka wuce, wanda zan riƙa kira keken haya na jama'a. Ga yadda yake. Hukumar birni, ko wani kamfani da ta ba izini, takan sayo kekuna iri ɗaya, ɗaruruwa ko dubbai, ta rarraba su a ƙananan tasoshi a gefen titi. Mutum ya zo da kati ko wayarsa, ya zare keke ɗaya, ya hau zuwa inda za shi, ya kafe shi a tashar da ta fi kusa da wurin, ya shiga harkarsa. Ba sai ya mayar da shi inda ya ɗauko ba. Faci ba nasa ba ne, gadi ba nasa ba ne. Jim kaɗan wani ya zo ya ɗauki keken nan ya yi wata nahiyar da shi.

Tambayar da ta tara mu ita ce: me ya sa a wani birni ake rububin waɗannan kekuna, a wani kuma suna jere a tasha ƙura tana rufe su? Cibiyar nazarin sufuri ta ITDP ta ce tsarin da ke da lafiya shi ne wanda ake hawa kowane kekensa sau 4 zuwa 8 a rana. A birnin Melbourne na Ostireliya, lokacin da aka rufe nasu a 2019, kowane keke kusan sau ɗaya ake hawansa a yini. Keken kuwa ba shi da wani aibi, ƙafa biyu gare shi kamar na kowa. Abin da nake son in gamsar da ku a kansa yau shi ne, a cikin duk lissafin da mutumin birni yake yi kafin ya ɗora ƙafa a feda, shi keken kansa ne ya fi komai ƙanƙanta.

Ku ba ni minti kaɗan in taɓa tarihi tukuna. A shekarar 1965 wasu matasa 'yan gwagwarmaya a Amsterdam ta ƙasar Holan, masu kiran kansu Provo, suka shafa wa wasu 'yan kekuna farin fenti, suka ajiye su a titi babu kulle don kowa ya hau kyauta. Ba a jima ba 'yan sanda suka kwashe su. Ɗaya daga cikin matasan, Luud Schimmelpennink, daga baya ya shiga majalisar birnin ya kai shawarar a yi abin da dubban kekuna, majalisa ta ƙi. Sai a 1995 birnin Kopenhagen na Danmak ya zo da nasa salon: ka zura tsabar kurona 20 makulli ya buɗe, in ka mayar da keken kuɗinka su dawo. To amma wa ya ɗauki keken? Babu wanda ya sani. Kurona 20 kuwa ba a bakin komai take ba kusa da kuɗin keke, don haka sata ta yi yawa. A Faransa aka warware wannan kulli, da farko a birnin Rennes a 1998, sannan a Lyon a 2005, inda aka ɗaure kowane keke da katin da ke ɗauke da sunan wanda ya zare shi. Waɗanda suka tashi a unguwannin da ake hayar keke ta awa za su gane wannan nan take. Mai hayar yakan saki kekensa ga yaro ne domin ya san gidansu, ya san mahaifinsa. Aikin da katin nan yake yi ke nan a birnin da babu wanda ya san wani.

Yanzu ga dalilan. Zan fi jingina da birnin Paris, domin a can abin ya girma har duniya ta kwaikwaya, a can kuma ya taɓa yin tuntuɓe a idon kowa.

Na ɗaya: kusanci.

Ranar 15 ga Yuli, 2007, a zamanin magajin gari Bertrand Delanoë, aka buɗe tsarin Vélib' da kekuna kimanin 10,000 a tasoshi 750, ba a daɗe ba kuma aka kusan ninka su. Ƙa'idar da suka bi ita ce kowace tasha ta kasance kamar mita 300 daga 'yar'uwarta. Tafiyar minti uku ko huɗu ke nan a ƙasa. Mutumin Paris bai buƙaci taswira ba, in ya sha kwana ɗaya ko biyu zai ga tasha.

Me ya sa wannan ya zo a farko? Ku yi lissafin tare da ni. Mutumin da tafiyarsa ba ta wuce kilomita biyu ba, in sai ya taka na minti goma kafin ya sami keke, ya sake taka wasu goman bayan ya ajiye, me keken ya rage masa? Gara ya miƙe da ƙafarsa. Kuma tasha biyu yake buƙata a kowace tafiya, ɗaya kusa da inda ya fito, ɗaya kusa da inda ya nufa. In ɗaya ta ɓace, ɗayar ba ta da amfani a wurinsa. Binciken da aka yi a birane da dama, har da na Elliot Fishman a Ostireliya, ya tsaya a kan abu guda: sauƙi shi ne babban abin da masu hawa suke ambata, kuma samun tasha kusa da gida ko wurin aiki yana daga cikin manyan abubuwan da ke sa mutum ya yi rajista.

A nan nake da ja da wata al'ada ta hukumomi, wadda a ido take kama da hikima. Sai a ce, bari mu gwada da tasha goma, mu warwatsa su a faɗin gari, in ya karɓu mu ƙara. Jama'a, tasha 10 tafiya iri 90 kawai suke iya haɗawa tsakaninsu. Tasha 100 kuwa suna haɗa tafiya iri 9,900. Wanda ya gwada da goma a warwatse, ya ga babu masu hawa, sai ya tafi da cewa mutanen garinsa ba sa son keke, alhali bai ba su abin da za su so ba. Birnin Taipei ya ga wannan da idonsa. A 2009 ya fara YouBike da tasoshi 11 a unguwa ɗaya, abin ya yi sanyi. A 2012 aka faɗaɗa shi, aka jera tasoshi a bakin tashoshin jirgin ƙasa na cikin gari, aka ce katin da kake shiga jirgi da shi shi ne zai buɗe maka keke. Mutanen nan dai su ne, keken nan dai shi ne, amma sai ga shi ya zama ɗaya daga cikin tsare-tsaren da aka fi hawa a duniya. Seattle ta Amurka kuwa ta buɗe Pronto a 2014 da kekuna 500 a tasoshi kusan 50, ga tuddai, ga ruwan sama, ga dokar hular kwano, a watan Maris na 2017 aka rufe shi.

Na biyu: tabbas.

Ma'aikacin da dole ya isa ofis ƙarfe takwas ba ya caca da lokacinsa. Abu biyu yake tambaya: in na je tasha zan tarar da keke mai lafiya? In na isa zan sami gurbin ajiyewa? Tambaya ta biyun ta fi ta farko ciwo. Wanda bai sami keke ba zai hau bas. Wanda ya isa ya tarar tasha ta cika maƙil, ga keke a hannunsa, ga agogon haya yana tafiya, ga lokacin aiki ya yi, wannan ba ya mantawa. Shi ya sa a farkon tsarin Paris aka tanadi cewa in ka tarar da tasha a cike, na'ura za ta ƙara maka minti 15 kyauta ka nemi ta gaba.

Matsalar daga yanayin birni take fitowa. Da safe kowa yana barin unguwar kwana zuwa unguwar aiki, sai tasoshin can su zama wayam, na nan su cushe. Da yamma abin ya juya. In akwai tudu kuwa sai ya ƙara tsanani, don kowa yana son gangara, ba mai son hawa. A unguwannin Montmartre da Belleville, waɗanda ke kan tudu, kekuna sukan gangara su ƙi dawowa. Me aka yi? Aka sa motoci suna zagayawa suna kwasar kekuna daga inda suka taru zuwa inda babu. Aka kuma ware tasoshin kan tudu, aka ce duk wanda ya hau da keke ya ajiye a can za a rubuta masa ladan minti 15 da zai ci a wata tafiya. Har jirgin ruwa aka mayar wurin gyara a kan kogin Seine, yana bi yana karɓar kekunan da suka lalace. Sata da ɓarna sun ci dubban kekuna a shekarun farko, amma kamfanin JCDecaux, wanda aka ba allunan tallan birnin a madadin gudanar da tsarin, ya ci gaba da cike gurbi. Akwai wani ƙaramin abu da yake burge ni a nan. Su masu hawan da kansu suka ƙirƙiro alama: in ka ga keke ya lalace, sai ka juya sirdinsa baya, don wanda zai zo bayanka kada ya ɓata lokacinsa. Babu hukumar da ta umarce su. Mutane kan yi haka ne ga abin da suka fara ɗauka nasu ne.

Amma ku dubi abin da ya faru a 2018. Kwangila ta koma hannun wani kamfani, Smovengo, aka tone tsoffin tasoshi don a sa sabbi, aikin ya yi ta jan ƙafa watanni. Tasoshi da yawa ba a haɗa su da wuta ba, kekuna suka riƙa maƙalewa, mutum ya je ya dawo hannu rabbana. Masu rajista suka yi ta ficewa, har sai da aka mayar wa mutane kuɗinsu. Mutanen Paris ba su daina son keke a wannan shekarar ba. Tabbas ne ya gushe, kuma sai da aka ɗauki lokaci mai tsawo kafin a dawo da su. Duk wanda zai kafa irin wannan tsari ya sani cewa sayen kekuna na rana ɗaya ne, gyara da rarrabawa kuwa na kullum ne, kuma can ne kuɗi suke tafiya.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi: tsoro.

Ina so kowa a nan ya tambayi kansa: zan yarda 'yata mai shekara goma sha biyar ta hau keke a babban titin garinmu da ƙarfe biyar na yamma? In amsar a'a ce, to an gama magana, ko da tasha tana ƙofar gidanka, ko da hawan kyauta ne.

Wani jami'in kula da harkar keke a birnin Portland na Amurka, Roger Geller, ya kasa mutanen garinsa gida huɗu. Akwai 'yan ƙalilan da za su hau keke a kowane irin titi, ko tsakanin tireloli ne. Akwai wasu kaɗan da layin fenti ya ishe su. Akwai waɗanda ba za su hau ba ko me aka yi. Sai kuma mafi yawa, kusan kashi 60 cikin ɗari, masu sha'awa amma suna jin tsoro. Waɗannan su ne kasuwar keken haya. Jarumin da ba ya tsoron tirela yana da kekensa tun tuni.

Birnin Seville na ƙasar Sifaniya ya nuna abin da ake yi wa mai tsoro. Daga 2006 zuwa 2007 suka gina hanyar keke mai tsawon kusan kilomita 80, a haɗe da juna, an raba ta da hanyar mota da dakali ko shinge, yawancinta kuma daga wurin ajiye motoci aka yanko ta. A 2007 suka buɗe keken hayarsu, Sevici. Cikin 'yan shekaru tafiye-tafiyen da ake yi a keke suka tashi daga ƙasa da kashi 1 zuwa kusan kashi 6 cikin ɗari. Ku lura da abu biyu. Na farko, shinge suka sa, domin fenti ba ya tare mota. Na biyu, hanyar a haɗe take. Hanyar keken da ta yi kilomita ɗaya sannan ta watsar da kai a tsakiyar shatale-tale ba ta cire tsoro ba, ta dai matsar da shi gaba. Paris ma sai da ta bi wannan sahu. A zamanin magajiyar gari Anne Hidalgo aka ƙara hanyoyin keke masu shinge, a 2020 kuma aka hana yawancin motocin gida bin titin Rivoli, wanda ya ratsa tsakiyar birnin.

In kuna son ma'aunin da ba ya ƙarya, ku ƙirga mata. A Holan, inda hanyar keke ta wadata, mata suna hawa daidai da maza ko fiye. A Ingila da Amurka maza sun fi yawa nesa ba kusa ba, haka ma a cikin masu hawan keken haya na Landan tun da aka buɗe shi a 2010. Titin da ka ga mata da dattawa da yara suna hawan keke a kansa, ka tabbata an yi masa aiki. Ƙirar keken ma tana da nata rabon a nan. Keken haya ba shi da sandar tsakiya, an rufe sarƙarsa, yana da kwando a gaba, fitilarsa tana kamawa da kanta, ana ɗaga sirdi a sauke. Yana da nauyi, na Paris na farko ya haura kilo 20, amma mai doguwar riga zai hau ba tare da sarƙa ta cafke masa tufa ba, mai jaka kuma yana da inda zai aza ta.

Na huɗu: kuɗi, da kuma hanyar biyansu.

Dabarar farashin da ta yaɗu daga Faransa mai sauƙi ce. A Paris, a farkon tsarin, kuɗin shekara yuro 29 ne, kuma minti 30 na farkon kowace tafiya kyauta ne, daga nan kuɗi su fara hawa da sauri. Manufar ita ce keke ya riƙa zagayawa, kada wani ya riƙe shi yini guda. A Hangzhou ta ƙasar Sin, wadda ta fara nata a 2008 har ta kai dubun-dubatar kekuna, awa ɗaya ta farko kyauta ce, katin bas kuma shi ne katin keke. Mutum ba ya jin yana kashe kuɗi a kowace tafiya, don haka ba ya tsayawa shawara.

To amma arha ba ta wadatar ba in ƙofar shiga a kulle take. A farkon tsarin, Vélib' yana neman katin banki da za a riƙe yuro 150 a kansa a matsayin jingina. Wanda ba shi da kati fa? Wanda yake da shi amma babu 150 a ciki fa? Wannan ne ya sa a birane da yawa na Turai da Amurka aka tarar cewa masu hawan sun fi yawa a cikin masu ilimi da masu abin hannu, talakan da ya fi kowa buƙatar sufuri mai arha yana gefe yana kallo. Abin yana damuna ƙwarai, domin da kuɗin jama'a da filin jama'a ake kafa waɗannan tasoshi. Wasu birane sun farga. Philadelphia ta buɗe Indego a 2015 da damar biya da tsabar kuɗi a kanti. Chicago ita ma a 2015 ta fito da rajistar dala 5 a shekara ga masu ƙaramin ƙarfi, ba tare da katin banki ba. An kuma gane cewa rangwame kaɗai ba ya aiki in ba a kai tasoshin unguwannin talakawa ba.

Jingina kuma amana ce. A ƙasar Sin, daga 2016, kamfanoni irin su Ofo da Mobike suka zo da keke marar tasha: ka haska lambar jikinsa da wayarka, makulli ya buɗe, ka ajiye inda ka ga dama. Sauƙin ya kai matuƙa, mutane miliyoyi suka shiga. Amma kamfanonin suka yi ta zuba kekuna don gasa har suka toshe hanyar masu tafiya a ƙasa, hukumomi suka riƙa kwashewa suna tarawa tsibi-tsibi a filaye. A ƙarshen 2018 Ofo ya rasa kuɗi, mutane sama da miliyan 10 suka shiga layi a manhajarsa suna neman a mayar musu da kuɗin jinginarsu. Wanda aka taɓa cinye wa kuɗi haka, da wane baki za ka sake ce masa ya ajiye wasu?

Na biyar: ƙananan shingaye.

Yawancin hawan keken haya ba shiri ake yi masa ba. Mutum ya fito, ya ga bas ta yi jinkiri, ya ga keke, ya hau. Duk abin da ya shiga tsakanin ganin da hawan yana rage masu hawa. Melbourne ta buɗe nata a 2010 da kekuna 600 a tasoshi kusan 50, a jihar da doka ta wajabta hular kwano ga kowane mai keke tun 1990. Wa yake yawo da hular kwano a jaka don wataƙila zai hau keke? Aka yi ta sayar da huluna a kan dala 5 a kantuna da na'urori, bai wadatar ba. Daga 2015 kuma aka mayar da shiga taragon cikin gari kyauta a tsakiyar birnin, wato daidai inda tasoshin keken suke. Ku kwatanta da Dublin ta Ireland, wadda ta fara a 2009 da kekuna 450 a tasoshi 40 da aka cusa a tsakiyar gari, kuɗin shekara yuro 10, babu dokar hula, aka yi ta rububi. Brisbane ma ta sha irin wahalar Melbourne, ga rajista mai tsawo, ga shi a farko ba a ɗaukar keke bayan ƙarfe goma na dare. Birnin Meksiko kuwa sai da ya soke dokar hularsa a 2010, shekarar da ya buɗe Ecobici.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Hular kwano tana kare kai, kuma ina shawartar duk mai hawa ya sa. Abin da nake cewa shi ne hukuma ta san farashin kowane sharaɗi da ta gindaya, kuma babbar kariyar mai keke ita ce a raba shi da mota tun kafin a kai ga faɗuwa.

Na shida, a taƙaice: yanayi da idon mutane. Ruwan sama da tsananin sanyi suna rage hawa a ko'ina, tsananin zafi ma haka. Amma Seville tana haura digiri 40 a bazararta, kuma ta yi nasara. Tudu kuma keke mai batir ya rage masa ƙarfi, shi ya sa shuɗɗan kekunan Paris masu batir ake riga-rigen ɗaukarsu. Idon mutane ya fi yanayi wuyar sha'ani. A inda ake ganin keke alamar rashi ne, mai rufin asiri zai gwammace ya tsaya a rana yana jiran mota. Abin da ke karya wannan shi ne gani. Ranar da aka ga likita da lauya da malamar jami'a a kan keken da kowa yake hawa, magana ta canja.

Wataƙila wani ya lura ban ambaci kishin muhalli ba. Da gangan ne. In an tambayi mutane sukan ambaci tsabtar iska da motsa jiki, kuma gaskiya suke faɗa. Amma abin da ke ɗora su a kan sirdi ranar Litinin da safe shi ne keken ya fi sauran hanyoyi sauri a tafiyar kilomita ɗaya zuwa biyar. Da ma'aikatan sufuri suka yi yajin aiki a Paris a ƙarshen 2007, hawan Vélib' ya yi tashin gwauron zabi. Bincike ya kuma nuna cewa yawancin tafiye-tafiyen keken haya daga tafiyar ƙasa da bas da jirgi ake ɗebo su, kaɗan ne daga motar gida. Duk jami'in da ya yi alkawarin cewa keken haya kaɗai zai kawar da cunkoson motoci, ya faɗi abin da ba zai iya cikawa ba.

Na san tambayar da ke zukatanku: mu fa? Abin ya riga ya shigo Afirka. Marrakesh ta Maroko ta buɗe nata a 2016 lokacin taron sauyin yanayi na duniya, da kekuna kimanin 300. Kigali ta bi a 2021, Alƙahira a 2022. Mu kuma keke ba baƙonmu ba ne. Mutanen Maiduguri sun koma masa sosai bayan hana babura a 2011, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda kuɗin mota ya koma. Birane irin su Kano shimfiɗaɗɗu ne, babu tudun Montmartre, masu gyaran keke da masu faci kuma suna kowace unguwa. Abin da muka rasa shi ne na ukun nan, hanyar da mai keke zai bi hankalinsa kwance tsakanin A Daidaita Sahu da manyan motoci.

Don haka in an tambaye ni, ba zan ce a warwatsa kekuna a faɗin gari ba. A zaɓi wuri ɗaya mai iyaka, inda aka san kowa da katin shaidarsa kuma motoci ba sa gudu, kamar harabar babbar jami'a, a cika shi da tasoshi daga ƙofa zuwa ɗakunan kwana zuwa azuzuwa zuwa masallaci da kasuwar ɗalibai. A karɓi kuɗi ta waya da kuma tsaba. A ɗauki masu gyara aiki tun ranar farko, a ware kuɗin gyaran kafin a sayi keke ko ɗaya. A yi wa tasoshin rumfa, a dasa darbejiya a bakin hanya. A tambayi ɗalibai mata irin keken da za su iya hawa da suturarsu, da hanyar da za su yarda su bi, kafin a yi odar komai. In ya kafu a nan, sai a ja hanya mai shinge zuwa unguwa mafi kusa, a bi ta da tasoshi.

Mai girma shugaban taro, a nan zan dakata.   Yanzu fili naku ne, ina maraba da tambayoyi da gyara, kuma zan so a fara ba 'yan'uwanmu mata da masu sana'ar sufuri dama, domin su ne suka fi sanin halin titunanmu.